Na Zargi Malam Sani, Ashe Furen Darbejiya Ne

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Ni baduku ne, shekarata tara ina ɗinkin jakunkuna a rumfar wani Alhaji a Kasuwar Kurmi. Duk lokacin da zafi ya kama, sai ciwo ya taso mini: atishawa ba tsayawa, hanci na zuba, idanu jawur suna ƙaiƙayi. Na riƙa sayen ƙwayar mura a kemis ina sha uku-uku, ina aiki ina gyangyaɗi. Wata rana wuƙar yanka fata ta zame, ta tsaga mini babban yatsa. Alhaji ya ce, "Bulus, je ka gida sai ka warke. Ba zan zuba ido ka rasa hannu ba."

Zan faɗa muku gaskiya. A zuciyata na yanke cewa Malam Sani, abokin aikina, shi ya yi mini sammu. Wata biyu ban amsa gaisuwarsa ba. Ni mai zuwa coci!

Da na durƙusa a ɗakina ina kuka, na ce, "Ya Ubangiji, ka tona asirin maƙiyina." Sai na ji a raina kamar ana tambayata, "Me ka gani da idonka?" Ban ga komai ba. Kunya ta rufe ni.

Washegari na tafi gidan Malam Sani a Madabo, na faɗa masa duka. Sai ya ce, "Haba Bulus! Allah ya yafe mana. Tashi mu je wurin yayata, ma'aikaciyar jinya ce."

Yayar tasa, Hajiya, ta tambaye ni lokacin da ciwon ke zuwa. Ta ce, "Akwai darbejiya kusa da ku?" Na ce har biyu a ƙofar gidanmu. Ta ce, "To, jikinka ne ba ya shiri da garin furenta." Ta tura ni asibiti, likita ya ba ni maganin fesawa a hanci da ƙwayar da ba ta sa barci. Yanzu ina rufe taga idan darbejiyar tana fure, ina wanke fuska da na dawo gida.

Bana na yi aikina cur, ban yi fashin kwana ɗaya ba. Halleluya!

Na gode wa Yesu da ya warkar da zuciyata kafin hancina. Ɗan'uwa, ka dogara gare shi, ka je asibiti, kada ka ɗora wa maƙwabcinka laifin da bai yi ba. Amin.