Bencin Da'u a Kan Turmin Yaji

Da sunan Allah nake buɗe baki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe wakilin mai girma Hakimi. Allah gafarta Malam Liman. Dagatan Balan da Kademi da Toranke. Kansilolinmu na Gaya da na Ajingi. Baffa Alhaji Gwadabe, uban wannan gida. Inna Hure, mahaifiyar marigayi. Karimatu, wadda na san tana jina daga ɗakin takaba. 'Ya'yan marigayi, kuma 'ya'yana, Abdullateef da Khairiyya. Sai ku 'yan ɗaga ƙarfe da kuka tsaya a baya kuka tare wa jama'a iska. Ina gaishe ku baki ɗaya.

Ni ne Abdulmumin mai walda daga Toranke. An ce in yi magana a arba'in ɗin Malam Da'u, ina jin don na fi kowa yi masa dariya yana raye. Akwai kuma tambayar da ke cin mu tun ranar da muka rufe shi: filin bayan gidan nan da muke ɗaga ƙarfe shekara goma sha biyu, za a bar mu a cikinsa ne, ko mu kwashe gwangwanayenmu na siminti? Zan zo kan amsar.

Ya kasance malamin gona wanda ba ya aiko da saƙo, da ƙafarsa yake shiga kunya. Ya kasance mai janyo matashi daga bakin kwalbar maye ya ɗora shi a benci. Ya kasance idan mota ta kafe a taɓo tsakanin Balan da Kademi, mu yake turawa, shi a gaba. Ya kasance kuma, Allah ya jiƙansa, mutum mai taurin kai irin wanda ban taɓa gani ba.

Mu manoma ne. Fartanya da garma sun ba mu baya da damtse kyauta, amma ba su taɓa ba kowa saman ƙirji ba. Ba mu san haka ba sai da Da'u ya je gasar gina jiki a Kano. Alƙalin gasa ya sa biro ya taɓa masa ƙasan ƙashin wuya ya ce, "Malam, ƙasa ya cika. Nan sama fa? Kamar an share tsakar gida." Cikin mutum goma ya zo na tara. A mota na ce masa, "Da'u, ƙirjinka ya sauka neman ruwa."

Maganinmu ɗaya ne a lokacin: a ƙara siminti. Gwangwani biyu ba su yi ba, a zuba huɗu. Shekara guda muka yi muna danna masa nauyi a shimfiɗaɗɗen benci. Ƙasan ya ƙara tudu, saman yana nan yadda yake. Ya koma Kano, ya sake zuwa na tara.

Wata safiya sai ga shi da turmin surfe a ka. Ya kafa shi, ya ɗora kan benci a kai, benci ya karkace. Inna Hure ta leƙo ta ce, "Da'u, a gidan nan namiji bai taɓa kwanciya a kan turmi ba." Ya ce, "Inna, ki yi mini addu'a kawai." To, turmin ya yi tsawo. Kafaɗa ta ƙwace aikin, ta kuma riƙe shi da ciwo wata biyu. Da wani ne ya haƙura. Shi kuwa ya mayar da babban, ya ɗauko turmin yaji, tsayin ya zo daidai. Muna ji Karimatu tana cewa ta bayan katanga, "Baban Abdullateef, miyar yau da me zan daka mata?" Ya ce, "Aro na yi. Ranar da na ci kofi zan dawo miki da shi."

Sai ya yi abin da ya fi ba mu dariya: ya rage nauyi rabi. Muna nishi da gwangwani huɗu, shi yana lallaɓa biyu. Da wannan bencin yake farawa kafin komai, sau biyu a mako. Ya sauke sanda a hankali zuwa ƙasan wuya, ya tsaya, ya tura. Wake da ƙwai da nono ba sa wuce shi. Ni na sa masa suna Malam Lallaɓa, a gaban Liman nake faɗa, Allah ya yafe mini. Shi dai ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa."

Jama'a, ya je! Shekara uku cif. Ranar da ya tuɓe riga a Kano, alƙalin nan mai biro ya ajiye bironsa ya miƙe tsaye. Na ɗaya! Ɗan manomi, da simintin gwangwani da turmin yaji, ya kayar da masu injinan birni. Daga Wudil har Gaya babura ke busa. Mutanen Ajingi suka ce nasu ne, na Gaya suka ce nasu ne, ba a raba gardamar ba har yau. Ni kuka na yi, ban kuma ɓoye ba.

Amma turmi bai koma ba. Washegari mutum ashirin suka yi layi a karkataccen benci, ni ne na farko. Wannan ƙirjin da kuke gani a jikina, nasa ne.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kama hannuna ya ce, "Abdulmumin, akwai kayan Karimatu a ƙarƙashin bencin nan. Na ci kofi ban cika alkawari ba. Ku mayar mata." Jiya muka cire turmin, muka wanke, muka ba Baffa ya shiga da shi. Benci ya kwanta a ƙasa. Muka tsaya muna kallonsa, kowa ya san an gama.

Yau da safe Baffa ya kira ni, turmin yana gabansa. Ga saƙon Karimatu yadda ya ba ni: "Shekara biyar ina daka a turmin Baiwa maƙwabciyata, ban mutu ba. Wannan kam ya manta da yaji. Su mayar da shi inda ya bar shi. Filin na marayu ne, ni da Inna da Baffa mun yarda 'yan ƙarfe su ci gaba har yara su girma. Aro ne, kamar yadda ya ari turmina. Amma shekara da shekaru ina jin muryarsa ta katanga yana cewa a sauke a hankali. Ina so in ci gaba da jin ana faɗa."

Karimatu, za ki ji. Inna Hure, ɗa ɗaya kika rasa, ga 'ya'ya arba'in a tsaye a bayan rumfa, ki aike mu duk inda kike so. Abdullateef, Khairiyya, ku ɗaga kai, ubanku bai san ja da baya ba.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah ya gafarta wa Da'u, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya raya abin da ya bari, ya kyautata namu zuwan. Amin.

'Yan ƙarfe, gobe bayan asuba kowa ya hallara. Turmi ya koma wurinsa. Ni zan fara kwanciya, kuma gwangwani biyu zan ɗaga.