Na Tsuguna Gaida Surukina, Na Kasa Tashi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Adamu ne daga Dogo Tebo.

Na daɗe ina ci kamar gara amma ina ramewa, hannuna na rawa. Ranar sunan ɗana na tsuguna in gaida surukina da ya zo daga Gadaka. Muka gama gaisawa, cinyoyina suka ƙi ɗaga ni. Dattijon nan shi ya kama ni ya miƙar, a gaban jama'a!

Likita ya ce abin nan na wuya mai jawo maƙoƙo ne yake aiki fiye da kima, yana cinye mini tsoka. Na fara magani.

To jibi Baba, surukin nawa, zai zo duba ni, hankalina ya ƙi kwanciya. Jama'a, ku ba ni shawara: in gaishe shi a tsaye, ko in tsuguna ya sake ɗaga ni?