Ranar da Muka Yi Noma Kafin Wasan Ƙarshe

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Ɗanladi daga Rikoto, nan Zuru.

Shekarar da wayar hannu ta fara shigowa garinmu, ƙungiyar ƙwallon makarantarmu ta kai wasan ƙarshe da 'yan Dirin Daji. Ana gobe wasa, mai tsaron gidanmu Bawa ya ce ba zai zo ba. Yana da golmo, wato noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwarsa. Tsohon, wato mahaifin budurwarsa Ladi, ya ce masa, "Ɗana, ƙwallo ba ta cika rumbu. In ban gan ka a gona ba, ka manta da Ladi."

Da sassafe duk muka saɓa fartanya muka bi shi, har da Emeka ɗan mai shago, wanda bai taɓa noma ba. Kafin azahar mun gama. Da la'asar muka shiga fili, ƙugu a riƙe, hannuwa duk bororo. Aka ci mu uku da ɗaya.

Bawa, in kana ji daga bariki, ka gaishe mana da Ladi da yara. Ita ce kofin da muka ci a shekarar nan.