Murya a Inda Aka Rabu

A ɗakin jiran tashar motar Maradi, wata tsohuwa 'yar Jiratawa ta taɓa matar da ke kusa da ita.

"Ɗiyata, duba mani salular nan. Tun da na shigo take kuka."

"Saƙonnin murya ne, Inna. Ta kama wifin tasha."

"Ni da ban taɓa sa mata kiredi ba?"

"An taɓa sa maki kod ɗin wifin nan?"

"Ɗana Inusa, bara, da na rako shi zai tafi Aljeriya."

"To, ta riƙe. Tana jin akwatin can na bango, suka gaisa."

"Ikon Allah! Ina can ina kukan ya manta da ni, ashe muryarshi na jirana inda muka rabu. Kunna mani, ɗiyata. Daga na farko."