Wayar Amai Tonde

Jawabin da Ennety Gwatidzo ta yi a taron tunawa da marigayiya Shuvai, Amai Tonde, wato uwar Tonderai, a gidanta da ke Dangamvura, Mutare. An rubuto shi daga faifan da aka naɗa a wurin.

Ina gaida Fasto Nyamurowa da ya buɗe mana taro da addu'a. Ina gaida Kansila Mukwada, da Dakta Chirenje likitan dabbobi, da ma'aikatan mafakar karnuka ta unguwarmu. Ina gaida dangin marigayiya da suka sauko daga duwatsun Chimanimani, musamman yayanta Sekuru Jokoniya. Mhofu, da kirarin gidanku na kira ka, ga tafina na gaisuwa, na durƙusa. Ina gaida mijinta Baba Tonde, da ɗanta Tonderai da matarsa, da matan zumunta, da maƙwabta, da wanda ya zo don Allah, da wanda ƙamshin nama ya jawo. Duk sannunku.

Wanda bai san ni ba, ni ce Ennety, tela a kasuwar Sakubva, kuma ni ce sahwirar Shuvai. Kun san aikin sahwira. Ita ce ƙawar da aka ba bakin faɗin abin da dangi ba za su iya faɗa ba, kuma babu mai ikon ce mata ta zauna. To ku gyara zama. Kukana na gama shi ranar da muka binne ta. Yau haushi na zo da shi.

Shuvai ta kasance mace mai tausayi, wannan kowa ya sani. Ta kasance mai tsayawa ta sauka daga motar haya a tsakiyar hanya don ta ga ɗan kwikwiyo a cikin kwata. Ta kasance wadda ta fara mafakar karnuka a bayan gidan nan da wayar shinge da langalanga, har Allah ya kai mu ga filin da muke da shi yanzu. Kuma ta kasance Chihera ta gaske, kamar yadda ake kiran 'yar gidan Mhofu, mai taurin kan da ban taɓa ganin irinsa ba tun da uwata ta haife ni. In ta ce haka za a yi, ko Fasto ya buɗe Littafi sai dai ya rufe abinsa.

Don mutanen gida su fahimci abin da ya kawo ni tsaye a nan, bari in yi bayani. Duk karen da ya shiga mafakar nan, Dakta yana yi masa allura a bayan wuya, ya sa masa wata 'yar ƙwayar shaida da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Kowace ƙwaya da lambarta. In kare ya ɓata aka tsince shi ko a ina ne, sai likita ya shafa masa na'ura a wuya, lambar ta fito, a duba rajista a ga sunan mai shi da layin wayarsa, a kira. Shi ke nan. Masu taimako suna aiko mana da ƙwayoyin nan kwali-kwali, kuma akwai hanyar da mafaka take yi musu rajista gaba ɗaya a zama guda. Ƙa'idar ita ce, ranar da wani ya zo ya ɗauki kare, a cire sunan mafaka a sa nasa.

Wata rana na kai mata sadza, tuwon masararmu, da ganye, na same ta gaban kwamfuta, sabon kwali a buɗe. Na leƙa. Sunanta da lambar wayarta tun daga sama har ƙasa.

Na ce, "Shuvai, wannan gurbin na mai kare ne fa."

Ta ce, "Ni ce mai kare."

"Duka?"

"Duka. Har waɗanda ba a haifa ba."

Na ce, "Ke kanki ɗaya kuwa? In mutane sun ɗauka fa?"

Ta ce, "Su ɗauka mana, wa ya hana su? Ajiye abincin nan ki kama gabanki, kina tare min haske."

Dakta ga shi nan zaune, ya yi magana har bakinsa ya gaji. Kwamitin mafaka sun yi taro a kai. Ta saurare su tas, ta yi musu shayi, ta raka su ƙofa, ta koma ta ci gaba da sa lambarta.

Ba zan zalunce ta ba, tana da dalili. A farkon aikin nan ta bi ƙa'ida. Akwai wata karya mai suna Nyimo da ta raina da kwalbar jarirai. Wani malamin makaranta ya ɗauka, ta mayar da rajista sunansa kamar yadda aka ce. Malam ya samu aiki a Joni, can ƙasar waje, ya tafi, ya bar Nyimo wajen ƙaninsa, layinsa ya mutu. Nyimo ta ɓata, aka tsince ta a wani gari, aka kira, aka kira, ba a samu kowa ba. Wurin da aka ajiye ta ya cika da karnuka, suka yi mata allurar barcin da ba a tashi. Sai daga baya Shuvai ta ji. Tun daga ranar ta ce ba ta ƙara yarda da layin kowa.

Daga nan wayarta ta zama masifar da muka rayu da ita. Baba Tonde, faɗa musu, ka taɓa gama cin abinci da matarka a zaune? Fasto, sau nawa ta fita da gudu ana tsakiyar Jibin Ubangiji? Tonderai, ɗana, ranar aurenka fa? Kayan uwar ango da na ɗinka mata, leshi ruwan toka, na zauna a kansa har idona ya yi ja. Ana shirin yanka kek waya ta yi ƙara. Muka waiga, babu uwar ango. Ta tafi Penhalonga ɗauko kare. Ta dawo ana kwashe kujeru, gashin kare har a ɗankwali, bakin zanen ya yage. Na ce, "Allah ya isa tsakanina da ke." Ta ce, "Ai ɗinkin ne bai yi ƙwari ba."

Amma ta kasance ba ta taɓa barin waya ta katse ba ta ɗauka ba. Ta kasance in an kwatanta mata kare, tana faɗin gidan da yake da sunan yaran gidan. Mu mutanen Dangamvura da Chikanga da Sakubva, karnuka nawa suka dawo mana ta hannunta? Mun ji daɗi, mun miƙe ƙafa. Ku da kuka ɗauki karnuka, ku nake nufi, kada ku dubi ƙasa. Wa ya taɓa komawa ya ce, Amai Tonde, sa lambata kusa da taki? Babu. An samu jaka mai ɗaukar kaya, kowa ya ɗora nasa.

Da ta kwanta asibiti na je na zauna bakin gadonta. Na ce, "Chihera, ba yaran mafaka layin nan, ko ki bari a canja sunayen."

Ta ce, "In na fito."

Na ce, "In ba ki fito ba fa?"

Ta harare ni. Ta ce, "Ke dai bakinki bai taɓa faɗin alheri ba. Miƙo min ruwa."

Shuvai, ina kika fito? Kin ƙi yarda da layin kowa don layi yana mutuwa, ke kin ɗauka naki na ƙarfe ne? Haba, Shuvai. Haba!

Ta rasu bayan Kirsimeti. Aka tattara kayanta aka ɗaure kamar yadda al'ada ta ce, ba mai taɓawa sai yau da za a yayyafa musu ruwa a raba. Wayar tana cikin ƙullin, a kashe. Sai sabuwar shekara ta zo, yara suka yi ta fasa abubuwan ƙararsu, karnuka suka watse kamar kowace shekara. Lokacin da wayar nan ta fi aiki ke nan, kuma tana kwance cikin zannuwa a ɗakin can.

Ku dubi kakarmu Gogo Marwei, ga ta nan a tabarmar gaba. 'Ya'yanta duk suna waje. Ita kaɗai ce a gida sai karenta Tsuro, baƙi mai farar ƙafa, wanda Shuvai ta ba ta. Shi yake korar ɓarayin kaji, shi take yi wa hira. Tun daren sabuwar shekara ba ta gan shi ba. Kullum da safe sai ta dogara sanda ta je mafaka ta tambaya, yara su ce, Gogo, ba mu ji komai ba. Ta yaya za su ji? In ma an tsince shi, ƙullin zannuwa ake kira. Kuma kun ji yadda ta ƙare da Nyimo.

Jiya na sami Sekuru Jokoniya a gindin bishiyar can. Na ce, "Mhofu, wa za a ba wayar?"

Ya ce, "Ni zan tafi da ita. In cire layin in jefa a kogi, in sa nawa."

Na ce, "Layin nan karnukan gari guda ne a rataye a jikinsa."

Ya ce, "Ennety, ƙanwata na binne, ke kina yi min zancen karnuka. Ba zan iya jin wayarta tana ƙara ita ba ta nan ba. Ki bar mamaci ya huta."

Jiya na ƙyale shi, don na ga idonsa. Yau zan ba shi amsa a gaban jama'a. Mhofu, kai ka goya ta, ka san ta kafin mu san ta. Ka taɓa ganin Shuvai ta huta ana kiran ta? Ba na neman zanenta, ba na neman tukunyarta, ku raba yadda kuka ga dama, hakkinku ne. Wayar ma ka riƙe abinka. Ɗan katin da ke cikinta nake roƙo, wanda bai kai farce ba. Na durƙusa, ga gwiwata a ƙasa, ni da ban taɓa durƙusa wa ƙanwarka ba. Ka yayyafa wa wayar ruwan yanzu, ka ara mana ita.

(Sekuru Jokoniya ya tashi ya shiga ɗaki tare da dattawan gidansu. Da ya fito, ya miƙa wa Ennety wayar da hannu biyu.)

Na gode, Mhofu. Tonderai, ga caja a jakata, ba da wasa na zo ba. Cire fankar can ka jona. Kansila, ka yi haƙuri da zafi.

Kun ji? Kun ji saƙonni suna shigowa kamar ana suyar gyaɗa? Duk mutanen da suka kira ne. Ga wata lamba nan ta fi kowa naci. Bari in kira, in kara ta a lasifika kowa ya ji.

(Muryar wata mata ta fito daga wayar.)

"Amai Tonde! Sai yau? Ina kika shiga haka? Ni ce Sista Madziwa daga asibitin dabbobi na Odzi. Akwai ɗanki a nan, baƙi mai farar ƙafa, wani direba ya kawo shi da ciwo a cinya. An ce min in rabu da shi, wuri ya cika. Na ce a'a, lambar Amai Tonde ce, matar nan ba ta ƙin ɗaukar waya, wani abu ne ya riƙe ta. Na kai shi gidana. Ya cinye min takalmi, sai kin biya ni. Amai Tonde? Kina ji na?"

Ina jin ki, 'yar uwa. Ba ita ba ce. Ƙawarta ce, Ennety. Kin yi gaskiya, wani abu ne ya riƙe ta. Shuvai ta rasu bayan Kirsimeti. Taron tunawa da ita muke yi yanzu haka... Ki yi haƙuri. Ki yi kukanki, mu ma mun yi. Ki riƙe mana shi zuwa yamma, ɗanta zai zo da mota.

Ku kama Gogo, ku kama ta kada ta faɗi. Ku ba ta ruwa. Gogo, shi ne, Tsuro ne. Yau zai kwana a ƙofarki.

To, Mhofu, ga wayarka, bari a cire katin a ba yaran mafaka.

(Sekuru Jokoniya ya amsa daga inda yake zaune: "Ba a raba kayan mamaci ga ofis, mutum ake ba. Ke kika roƙa, ke kika amsa kiran farko. Wayar da layin duk naki ne. Ki riƙe.")

Ni? Mhofu, ni da ko kyanwa ban taɓa ajiyewa ba? Ni da kare ya ciza a ƙafa ina 'yar makaranta? Jama'a, kuna tafi? Me kuke wa tafi?

Shi ke nan. Na karɓa. Amma ku saurare ni da kyau, ni ba Chihera ba ce, ba zan mutu da layin nan a jikina ba. Ga tebur can gindin bishiya, yaran mafaka sun zo da kwamfuta. Duk wanda ya san karen gidansa daga hannun Shuvai ya fito, ya tashi ya je a sa sunansa da lambarsa, a ƙara da ta mafaka, a ƙara da ta wani ɗan uwa. Wanda ya canja layi nan gaba ya zo ya faɗa. Matan zumunta, ku rufe tukwane. Marasa kare su fara ci. Sauran sai sun nuna an gama musu. Kansila, kai ma na san karenka.

Na gode wa Fasto, na gode wa Dakta da bai taɓa gajiya da ita ba, na gode wa dangin Mhofu da suka haifa mana ita kuma suka ji roƙonmu yau. Baba Tonde, Tonderai, kun ba mu aronta fiye da yadda ya kamata, Allah ya saka muku, ya sanyaya zuciyarku.

Mu sunkuyar da kai. Ya Ubangiji, kai da ko tsuntsu bai faɗi ba da saninka ba, ga baiwarka Shuvai ta zo gare ka. Ka gafarta mata taurin kanta, mu mun yafe. Duk abin da ya ɓata, mutum ko dabba, ka sa a samu mai ɗaukar waya. Ka ba ta hutun da ta ƙi yi a duniya. In ta ce sai ta fara duba wani abu tukuna, kada ka saurare ta, Ubangiji, ka zaunar da ita. Amin.

Ga wayar nan ta fara ƙara. Ku je ku ci abinci... Alo? A'a, ba ta nan. Faɗi, ina ji. Wane irin kare ne?