Uwar da Ta Rufe Shafinta

A ɗakin jira na asibitin yara, wata mai goyo ta yi ta kallon matar da ke gefenta, har ta kasa haƙuri.

"Baiwar Allah, ba ke ce mai saka bidiyon yaranki a waya ba? Masu fararen kayan nan?"

"Ni ce, amma a da. Na rufe shafin."

"Wallahi kin sha sa ni kuka. In na ga gidanki fes, na dubi nawa, sai in ce ni ban cika uwa ba."

"Ayya, 'yar'uwa! Gefe ɗaya nake sharewa, wanki kuwa yana tule a bayan kyamara. In babbar 'yata ta ƙi murmushi, sai in daka mata tsawa mu sake ɗauka. Na dawo ba ci ba barci, sai duba wa ya yaba, wa ya zaga. Likita ta ce ciwon damuwa ne."

"To yanzu fa?"

"Yanzu har munshari nake yi! Jiya yarinyar da kanta ta kwanta a cinyata tana ba ni labarin makaranta. A da, in ta gan ni da waya, bayan ƙofa take ɓuya."

"Wato gidanki ma yakan yi kaca-kaca?"

"Sai kin tsallake kwanuka kafin ki samu wurin zama."

Mai goyon ta tuntsire da dariya har ɗanta ya farka.

"Alhamdu lillahi! Yau tsintsiya ta jira, ni da ɗana wasa za mu yi."