Takardar da Na Ƙi Dangwalawa

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugaban direbobin tashar Birnin Kudu. Ranka ya daɗe Dagaci. Allah gafarta Malam Liman. Saje mai wakiltar 'yan sanda. Baƙinmu na Gwaram da Kiyako. Iyaye mata da ke can gindin darbejiya. Jama'a, barkanku da zuwa.

Ni ne Maikano, kakan Barau, wancan dogon da ya sunkuyar da kai kamar ango. Na gode da kuka baro gonaki da rumfuna don taya ni murna. Yau hukuma ta mayar wa jikana lasin ɗinsa na tuƙi, kuma rabon da in yi farin ciki irin na yau tun ranar sunansa.

Zan faɗi laifin tukuna, don ba za mu ɓoye shi ba. Shekara biyu ke nan, ranar wata kasuwa, Barau ya sha giya a bayan tasha, ya ɗebo mu a bas daga Gwaram. Ina zaune kusa da shi, ina jin warin. Kafin mu kai Kiyako ya afka cikin garken Bappa makiyayi, ya kashe shanu uku, Inna Dada da ke cikin motar ta karye a hannu. Allah ne kaɗai ya tsare rayuka.

Washegari mai motar, Alhaji Ɗanbala, ya zo ƙofar gidana da takarda da tawada. Ya ce, “Baba, dangwala nan, gaisuwa ce kawai za a kai wa alƙali.” Bai san na yi shekara uku a ajin yaƙi da jahilci ba, ni da furfurata, ina haɗa baƙi da wasali! Na ce, “Alhaji, miƙo in gani.” Na bi ta da yatsa, sai ga shi an rubuta wai birki ne ya tsinke. Na ce, “Alhaji, birkin motarka lafiyarsa lau, na direban ne ya tsinke.” Ga Alhajin nan yana dariya, mun daɗe da shiryawa.

Sai batun hukunci, kuma ku direbobi ku buɗe kunne. Na tsaya gaban majistare na ba da shaida a kan jinina. Aka ɗaure Barau wata shida, aka ci shi tara, aka sa ya biya Bappa shanunsa, aka hana shi taɓa sitiyari shekara biyu. Alƙali ya gaya masa, da rai ya salwanta, da ba watanni za a ƙirga ba. Uwarsa Kubra ta yi wata uku ba ta aiko mini da tuwo ba. Na rame, amma ban yi nadama ba. Arzikin mai ya cika hanyoyinmu da motoci. In muka riƙa dangwala wa 'ya'yanmu ƙarya, wa zai rage da za a ɗauka?

Ga abin murnar. Barau ya fito, bai gudu Kano ya ɓuya ba. Ya yi dako a tashar nan, ya wanke motocin ƙannensa, ya je rugar Bappa da ƙafarsa ya durƙusa. Liman shaida ne, sahun farko yake salla. Kwalba kuwa, ko ta manja ba ya son gani.

Amma jama'a, lasin takarda ce. Hukuma ta gama nata, saura naku. In kuka ƙi shiga motarsa, ɗaurinsa bai ƙare ba. Gobe da hantsi zai yi lodin farko zuwa Gwaram. Ni na kama kujerar gaba, hancina kuma bai tsufa ba, ka ji ko, Barau? Wa zai bi ni?

Malam Sada, na ga hannunka. Ƙasimu tela, madalla. Wancan hannun fa, can cikin mata? Hajjo ce, matar Bappa! Me ta ce? Ta ce da ƙwaryar nononta za ta shiga, in ya zubar da ko ludayi guda, su koma gaban alƙali. Barau, ɗago kanka, ka sami mai duba tuƙinka!

Allah ya tsare direbobinmu da waɗanda suke ɗauka. Allah ya sa albarka a garken Bappa, ya ƙara wa Inna Dada lafiya, ya mayar da kowa gidansa lami lafiya.

Na gode.